Anaheim, Shanghai, Guangzhou ko Berlin: wane baje kolin kayan kiɗa ya cancanci kuɗin jirginka?

Har zuwa 2019, duk mai harkar kayan kiɗa ya san zango biyu a shekara: Anaheim a watan Janairu, Frankfurt a Maris ko Afrilu. Musikmesse ta Frankfurt, wadda aka fara tun 1980, ba ta sake ci ba bayan 2019, kuma a 2022 masu shirya ta suka naɗe tabarmarta gaba ɗaya. Abin da take tarawa a wuri ɗaya ya watsu. Yau manyan wuraren da ake auna zuwa guda huɗu ne: NAMM a Anaheim ta jihar Kalifoniya, Music China a Shanghai, Prolight + Sound a Guangzhou, da Superbooth a Berlin. Dukkansu ana kiransu baje kolin kayan kiɗa, amma cinikin da ake ƙullawa a kowanne daban yake.

Mafi yawan masu yin asarar tafiyar sun zaɓi wurin ne saboda sunansa. Abin da ya kamata ya yanke hukunci shi ne abin da kake so ya kasance a jakarka ranar komawa. Idan takardar farashi ce daga masana'anta, hanyarka ƙasar Sin ce, sai dai a bambance tsakanin Shanghai da Guangzhou. Idan izinin wakiltar wani sanannen kamfani kake nema, Anaheim. Idan kuma so kake ka zauna da mutumin da ya zana na'urar da hannunsa, Berlin. Wanda ya haɗa waɗannan buƙatu uku a tafiya ɗaya yakan dawo da hotuna da ciwon ƙafa kawai.

Mu fara da NAMM, tunda ita ce ta fi jan hankali. Ƙungiyar 'yan kasuwar kayan kiɗa ce ta Amurka, an kafa ta a 1901, kuma taronta yana ci ne a babbar cibiyar taro ta Anaheim, kusa da Disneyland. A Janairun 2020 waɗanda suka yi rajista sun haura 115,000. Annobar korona ta rikita jadawalin: 2021 ta intanet aka yi, 2022 a watan Yuni, 2023 a Afrilu, sai a 2024 aka koma Janairu. A nan ne kamfanoni ke son bayyana sabon abu. A taron Janairun 1983 aka fara haɗa kibod biyu, Prophet-600 na kamfanin Sequential da Jupiter-6 na Roland, ta wayar MIDI (tsarin da na'urorin kiɗa ke aika wa juna saƙo da shi) a gaban jama'a, a na 2020 kuma aka gabatar da MIDI 2.0. Don haka wanda aikinsa rubutu ne ko ɗaukar bidiyo a kan sababbin na'urori ba shi da inda ya fi nan.

Ga mai saye kuwa, akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ya cike fom. Ba kasuwar biya-ka-ɗauka ba ce. Dokar wurin ba ta yarda a sayar da kaya a rumfa a miƙa wa mai saye ya fita da su ba. Idan ka tambayi farashin sari a rumfar babban kamfani, za a tura ka wurin mai kula da cinikin ƙasashen waje, shi kuma abin da zai fara dubawa shi ne ko suna da wakili a ƙasarku. In akwai, zai ba ka lambarsa, magana ta ƙare. Ka tsallaka teku don a mayar da kai hannun wanda ka baro a gida. In babu, tambayoyi za su biyo baya: shaguna nawa kake da su, kaya na nawa kake iya ɗauka a shekara, wa zai yi gyara idan abu ya lalace cikin garanti, waɗanne kamfanoni kake wakilta yanzu. Ka zo da amsoshin a rubuce a shafi ɗaya, da hotunan shago da na wurin gyara. Kuma waɗannan mutane ba a samunsu da sallama kawai, littafin ganawarsu yana cika tun kafin a buɗe ƙofa. A rubuta musu mako huɗu zuwa shida kafin taron, a nemi minti ashirin a takamaiman rana da sa'a.

Kada a ɗauka kowane babban suna yana nan kowace shekara. Fender da Gibson sun yi shekaru bayan annobar ba su kafa rumfa ba. Jerin masu baje kaya yana fitowa a shafin taron da manhajarsa, kuma shi ya kamata a duba kafin tikiti. Idan kamfanoni biyar da kake nema uku ba sa ciki, tafiyar ta riga ta rage daraja. A ganina ma abin da ya fi amfanar ƙaramin ɗan kasuwa a NAMM yana zauren ƙasa, wanda ake kira zauren E, inda ƙananan kamfanoni da sababbin shiga suke. Su ne ke neman wakili ido rufe, kuma mai rumfar sau da yawa shi ne mai kamfanin. Kayan situdiyo da na manyan dandamali suna ginin arewa, tafiya ce mai ɗan tsawo daga zaurukan jita da ganguna, saboda haka a jera ganawa bisa gini, kar a riƙa kai da komo.

Nauyin NAMM yana wurin shiga da kwana. Bizar B1/B2 ake nema, da fom ɗin DS-160 da ganawa ido da ido, kuma dala 185 da aka sa tun 2023 ba a mayarwa idan an hana. A wasu ofisoshin jakadanci jiran ranar ganawar kaɗai yana cin watanni, ga ƙa'idojin shiga Amurka da ke yawan sauyawa ga 'yan ƙasashe daban-daban. Rajistar taron ba ta tilasta wa kowa ba ka biza. Katin shiga yana ɗauke da sunanka, kuma ana haɗa shi da shaida mai hoto a ƙofa, aron na wani ba ya aiki. Otal-otal da ke kewaye da cibiyar suna cika da wuri, farashinsu yana tashi a makon. Filin jirgin John Wayne ya fi kusa, kimanin kilomita 20. Na Los Angeles ya kai kilomita 55, kuma cunkoson hanyar yana iya mayar da ita tafiyar sa'a biyu.

Sin: kayan kiɗa a Shanghai, kayan sauti a Guangzhou

Music China ta fara a 2002, tana ci kwana huɗu a watan Oktoba a cibiyar baje koli ta SNIEC da ke Pudong. Messe Frankfurt, wato masu tsohuwar Musikmesse, suna cikin masu shirya ta tare da ƙungiyar masu ƙera kayan kiɗa ta ƙasar. Jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 7 yana sauke mutum a tashar Huamu Road, bakin wurin. Nan ne gidan fiyano, jita, bayolin, kayan busa, ganguna, kibod da kayan kiɗan gargajiyar Sin. Kwanakin farko na 'yan kasuwa ne. Na ƙarshe ana buɗe wa jama'a, iyaye da yara 'yan makarantar kiɗa su cika wurin, hayaniya ta ninka, manyan ma'aikatan rumfuna kuma su fara zamewa. Duk maganar da ke da nauyi a gama ta a kwana biyun farko.

Prolight + Sound ta Guangzhou yawanci a watan Mayu take, a katafaren filin Canton Fair (babban baje kolin hajoji iri-iri na Sin) da ke Pazhou, kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na 8. Sifika, amfilifaya, mikisa, makirfo, fitilun dandamali, allunan LED da kayan ɗakunan karaoke su ne jarinta. Ana yin baje kolin kayan kiɗa na Guangzhou a gefenta, amma bai kai na Shanghai ba. Mai ba da hayar kayan sauti, ko mai saka sifiku a manyan zauruka, idan ya tafi Shanghai ya yi ɓatan kai. Haka mai sarin jita da bayolin idan ya tsaya a Guangzhou kaɗai.

Abin da ya ɗaga waɗannan biyun sama da sauran ga mai saye shi ne masana'antun suna bayan gida. Kowane kaya yana da garinsa. Bayolin a Huangqiao ta lardin Jiangsu, jita a Huizhou ta Guangdong da Zheng'an ta Guizhou, jita mai lantarki a gundumar Changle ta Shandong, kayan busa a kewayen Tianjin da Wuqiang ta Hebei, makirfo a Enping, sifika da fitilu a Panyu da sauran unguwannin Guangzhou. Wannan taswira tana da amfani biyu. Na farko, za ka iya ƙara kwana uku bayan taron ka je ka ga inda ake ƙera abin, kuma zuwa da kai ya fi aike. Na biyu, tana taimaka maka gane wanda ke da masana'anta da wanda dillali ne. Rumfar da ke baje jita da makirfo da fitila da ganga gaba ɗaya, adireshinta kuma hawa na ashirin ne a tsakiyar birni, ba ta ƙera ko ɗaya. Dillali ba abin gudu ba ne. Ga mai sayen kaya iri-iri kaɗan-kaɗan shi ya fi sauƙi, domin zai haɗa maka su a kwantena ɗaya. Illar ita ce ka biya farashin dillali kana zaton na masana'anta ne. Nemi hoton lasisin kasuwancinsu. Yana ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 18 da ake iya bincikawa a rajistar kamfanoni ta gwamnati, kuma an rubuta a ciki ko an ba su izinin ƙira ko na ciniki kawai. Sunan da ke kan lasisin, da na kan kwantiragi, da na asusun bankin da za a tura kuɗi, dole su zama ɗaya. Duk saƙon da ya zo daga baya cewa an canza asusu, a kira mutumin a waya a ji daga bakinsa kafin a tura ko sisi.

Farashin da aka faɗa a rumfa ba shi da ma'ana sai an san abu uku. Adadi nawa: kowace masana'anta tana da mafi ƙarancin abin da za ta yarda ta ƙera, shi ne MOQ a takardunsu, kuma yana hawa idan kana son a buga sunanka ko a canza launi. Sannan a ina kayan za su zama naka: EXW a ƙofar masana'anta ne, komai daga nan a wuyanka, FOB sun ɗora a jirgin ruwa a tasharsu, CIF sun biya jigila da inshora har tashar da ka ambata, ban da kwastan da sauke kaya. Kwatanta EXW na wannan da FOB na wancan shi ne hanyar da aka fi yaudarar kai. Na uku girman kwali, wanda ake aunawa da CBM, wato kubik mita. Kwantena mai ƙafa 20 tana da kusan CBM 33 a takarda, a aikace wajen 28 take ɗauka. Mai ƙafa 40 mai ƙarin tsayin rufi (high cube) tana da 76 a takarda, wajen 68 a aikace. Akwatin bes mai sifika biyu 'yan inci 18 shi kaɗai yana haura rabin CBM. Sau da yawa sifikar da ta fi araha a rumfa ita ce ta fi tsada idan aka raba kuɗin kwantena a kan kowace ɗaya.

Biyan da aka saba shi ne kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, 70 kafin a loda. Tsakanin biyun nan ne ƙarfinka yake. A sa hannu a kan samfur biyu iri ɗaya, ɗaya ya zauna a masana'anta, ɗaya a wurinka, kuma kar a saki ragowar kuɗin sai wani ya buɗe kwalaye ya gwada kayan da samfurin. Na rumfa kullum shi ne wanda aka fi gyarawa.

Lokaci ma yana shiga lissafi. Music China tana zuwa bayan hutun ƙasa na 1 zuwa 7 ga Oktoba, kuma Canton Fair ta kaka tana buɗewa 15 ga watan, don haka mai sarin kaya iri-iri yana iya haɗa su a tafiya ɗaya. Amma odar da aka ba da a ƙarshen Oktoba tana tsere da sabuwar shekarar Sinawa, wadda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Masana'antu suna rufewa makonni, kuɗin jigila yana tashi gab da hutun, kayan da aka yi cikin gaggawa kuma su ne suka fi zuwa da aibi. A rubuta ranar lodi a kwantiragi. Odar Mayu daga Guangzhou ba ta da wannan tarko. Nata wahalar zafi ne da ruwan sama da gumi.

Biza ta kasuwanci ita ce mai harafin M, ana haɗa ta da takardar gayyata daga masu shirya taron ko daga wani kamfani. Google, WhatsApp da Facebook ba sa aiki a intanet ɗin cikin ƙasar, sai dai ta layin waya na waje. A sauke WeChat da Alipay a ɗaura musu katin banki tun kafin tashi. Da WeChat ake musayar lamba a rumfa, da su biyun ake biyan tasi da abinci. Tafinta na yini ɗaya ko biyu yana biyan kuɗinsa ranar zuwa masana'anta, domin mai Turanci a rumfa ɗan talla ne, injiniyan da ya san amsar sau da yawa ba ya jin Turancin.

Yadda ake duba kaya a wurin da kunne ba ya aiki

Zauren baje koli na daga cikin mafi munin wuraren sauraron sauti. A NAMM an ƙayyade ƙarar rumfa a desibel 85 kuma akwai masu zagayawa da ma'auni, amma rumfa ɗari kowace da nata kiɗa ba ta barin kunne ya huta. A Guangzhou abin ya fi haka. Ƙa'idar kare ji ita ce desibel 85 na sa'a 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 sa'a 4, 91 sa'a 2, 100 minti 15. Kunnen da ya sha hayaniya tun safe ba ya jin saman sauti daidai da la'asar, sai mutum ya zaɓi sifika mai kaifi fiye da kima. Sayi toshin kunne irin na mawaƙa mai rage desibel 15 zuwa 20, ka cire shi lokacin gwaji kawai, ka kuma ajiye duk sauraro mai muhimmanci a sa'a biyun farko bayan buɗe ƙofa. Zo da waƙoƙi uku da ka sani sarai a filas, ɗaya murya zalla, ɗaya mai bes, ɗaya mai kayan kiɗa da yawa. In ana kwatanta sifika biyu, a daidaita ƙararsu da ma'aunin waya, saboda wadda ta ɗara da desibel ɗaya kacal kunne zai ce ta fi daɗi.

Tunda kunne ba abin dogaro ba ne a nan, sai a koma ga lamba da sukurdireba. Wat ɗin da aka buga da manyan baƙaƙe yawanci na ƙololuwa ne, wanda ya ninka na ci-gaba sau huɗu. Tambayi na ci-gaban, wanda ake rubutawa RMS ko AES. Na PMPO kuwa ado ne kawai. Lambar da ta fi wat faɗin gaskiya ita ce ƙarar da sifika ke bayarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya. Mai desibel 95 tana buƙatar ninkin wutar mai 98 kafin ta kamo ta, domin ninka wat desibel 3 kawai yake ƙarawa. Mai 98 da ke ɗaukar wat 500 za ta tsaya wajen 125. Idan takarda ta ce 138, ka nemi a nuna maka yadda aka auna. Sai ka roƙi a kwance ragar gaba a ciro sifikar. Dubi faɗin koyil, inci 3 ne ko 4, wayarsa jan ƙarfe ce zalla ko alminiyam da aka yi wa rufi, maganaɗisun baƙin ferait ne mai nauyi ko niyodimiyam mara nauyi mai tsada. Dubi gefen katakon ta ramin: filawud yana nuna layi-layi, MDF gari ne da aka matse, ya fi nauyi kuma yana kumbura idan ya sha ruwa. Wanda ya ƙi buɗewa ya riga ya ba ka amsa. A cikin odar a sa kayan gyara, musamman faifan tuwita (ƙaramar sifikar saman sauti) da koyil, kashi biyu ko uku cikin ɗari, don su ne ke fara ƙonewa.

Jita kuma da ido da yatsa ake gane ta. Ka hango wuyanta daga kai zuwa ciki kamar mai saitin bindiga, ka ga ko ya murɗe. Shafa gefen wuyan: ƙarafan firet da ke cizon hannu alama ce itacen ya ƙanƙance bayan an ƙera, wato bai bushe ba. Tazarar tsirkiya mafi kauri daga firet na 12 ta tsaya wajen milimita 2 zuwa 2.5. Leƙa bakin ramin fuskar: in zanen itacen ya zarce ta kaurinsa, itace guda ne, in layi uku ka gani, manne ne. Jita tana son damshin iska na kashi 45 zuwa 55, kuma fuskar itace guda, duk da ta fi sauti, ita ce ke saurin tsagewa a busasshiyar iska. Faɗa wa masana'anta yanayin inda kayan za su zauna, ka tambayi damshin da suke busar da itacensu zuwa gare shi.

Abu biyu ke kashe kaya bayan an iso da su lafiya. Ɗaya wuta: Amurka bolt 120 ce a haz 60, Sin 220 a haz 50, Jamus 230 a haz 50. Na'urar da aka rubuta wa 100 zuwa 240 tana aiki ko'ina, amma amfilifaya mai taransifoma da aka naɗa don 120 tana ƙonewa nan take a 230. Ɗayan kuma zangon makirfo mara waya. Kowace ƙasa da rabon da hukumar sadarwarta ta yi. A Amurka, misali, an sayar wa kamfanonin waya yawancin zangon megahaz 600, kuma tun Yulin 2020 aka haramta makirfo a cikinsa. Makirfo ɗin da ya faɗa kan zangon talabijin ko na wayar salula a ƙasarku zai riƙa yankewa, ba kuma gyaran da zai yi masa. A rubuta zangon da ake so a kan odar da alƙaluma. Masu aiki a gigahaz 2.4 ba sa buƙatar lasisi kusan ko'ina, sai dai suna rabon iska da wayifai, kuma adadin da ke aiki tare ba shi da yawa.

Berlin da sauran

Superbooth wata duniya ce. Andreas Schneider, mai shagon SchneidersLaden, ya fara ta a matsayin rumfar haɗin gwiwar ƙananan maƙera a cikin Musikmesse. A 2016 ta tsaya da ƙafarta a Berlin, daga 2017 kuma ta koma FEZ, cibiyar yara da matasa da ke cikin dajin Wuhlheide. Kwana uku ce a watan Mayu, kowa yana iya sayen tikiti, jirgin ƙasa na layin S3 yana kaiwa. Rumfunan suna cikin ɗakuna da tantuna da ƙananan gidaje a tsakanin bishiyoyi, kuma sintesaiza, injinan ganga da manhajojin haɗa kiɗa ne kusan duka abin da ke wurin. Yawancin gwaji da hedifon ake yi, shi ya sa ita kaɗai ce cikin huɗun da mutum ke jin abin da yake gwadawa. Ka zo da naka, da mahaɗin milimita 3.5 da na 6.35.

Ga mai situdiyo ko mai koyar da haɗa sauti, yini ɗaya a nan ya fi uku a Anaheim, domin wanda ke tsaye a rumfar shi ya rubuta manhajar cikin na'urar, kuma yana sauraron ƙorafi. Tambaye shi ko abin da ke kan tebur shi ne ake sayarwa ko samfurin gwaji ne. Wasu sukan yi shekara kafin su fito, wasu ba sa fitowa. Idan na'urorin Eurorack ne, tsarin ƙananan sassan sintesaiza da ake jerawa a akwati, wanda Dieter Doepfer ya kafa a tsakiyar shekarun 1990, rubuta lamba uku ga kowace: faɗi da HP, inda HP ɗaya yake milimita 5.08, zurfi da milimita, don ƙananan akwatuna ba sa ɗaukar masu zurfi, da wutar da take ja a layin +12 da na −12. Jimillar kada ta wuce kashi 70 zuwa 80 na ƙarfin akwatin, in ba haka ba za a ji tsaki ko wasu su ƙi tashi. Jan layin da ke jikin faffaɗar wayar wuta yana fuskantar −12. Juya shi yana iya ƙona na'urar da ba ta da kariya.

Mai neman sari ba shi da abin yi a nan. Kamfanin mutum biyu da ke haɗa ɗari biyu a zubi ɗaya ba zai cika maka kwantena ba, ribar dila kuma siririya ce. Bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da ita, yuro 90 ce tun Yunin 2024, da inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, kuma ana iya nema tun wata shida kafin tafiya. Wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne, idan ya sayi kayan da suka haura yuro 50 a shago, yana iya neman a mayar masa da harajin kashi 19, muddin shagon yana yin hakan, kuma kwastan sun buga hatimi a takardar lokacin fita, da kayan a hannu.

Akwai wasu biyu da suka fi dacewa da wasu mutane. Mai aikin saka sauti da allo a ɗakunan taro da filayen wasa ya duba baje kolin ISE a Barcelona, wajen farkon Fabrairu. Mai harkar bayolin da fiyano na hannu ya duba Cremona Musica a Italiya, ƙarshen Satumba.

Duk inda aka je, samfurin da za a dawo da shi a jirgi yana da dokokinsa. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura ba ya shiga jakar da ake aunawa. Har zuwa Wh 100 (ma'aunin wutar da batiri ke riƙewa) yana tafiya a jakar hannu, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin. A jiragen cikin gida na Sin, tun ƙarshen Yunin 2025 ana karɓe fawa-bankin da ba shi da tambarin CCC, shaidar ingancin kaya ta Sin. Itacen rozwud ya shiga jerin CITES, yarjejeniyar duniya ta kare itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, a Janairun 2017, aka cire kayan kiɗan da aka gama ƙerawa daga buƙatar takarda a Nuwamban 2019, amma ban da na Birazil, wanda ke mataki mafi tsanani tun 1992. Tsohuwar jita mai shi ba ta tsallaka iyaka sai da izini. Kayan da ke ɗauke da tambarin sanannen kamfani a farashin da bai kai rubu'in na gaske ba, kwastan na iya ƙwace su, kuma asarar a kan mai shigowa da su take.

A rumfa, ɗauki hoton kayan tare da katin mutumin da lambar rumfar a hoto guda, ka rubuta farashi da adadi da sharaɗin jigila a bayan katin nan take. Zuwa dare na biyu katuna sittin duk sun zama iri ɗaya. Cikin mako guda da komawa a aika saƙo da wannan hoton, a nemi takardar farashi a rubuce mai ɗauke da lambar samfur, girman kwali da nauyinsa, bolt da irin filogi, kwanakin ƙira, da ranar da farashin zai daina aiki.